Ina Ɗakunan Wasan Tele Na Zariya Suka Shiga?

Duk uwar da ta kasa kaya a Maraɗi a shekarun 2000 ta san wannan: a aiki yaro kasuwa, canji ya maƙale a ɗakin wasa. A unguwar Zariya, tele ɗaya, benci da na'urar PlayStation 2, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a 2000, sun isa jari.

Faifan kokawa na SmackDown! Here Comes the Pain da na tseren mota Need for Speed Underground, duka na 2003, su ke cika ɗaki. A ƙasar Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokawa na farko a 1975, sai ga yara na gardama kan Undertaker! Wanda aka kayar ya tashi, na baya ya biya ya zauna.

Sony ya daina ƙera na'urar a 2013. Yau wasan ya koma salula, har Tibiri da Jiratawa. A da, uwa ta san ƙofar da za ta kamo ɗanta. Yanzu yana gabanta a rumfa, hankali na can, kuɗi na ƙarewa a kati. Iyaye mata, sai a sa ido.