Yadda Ake Nuna Wa Motocin Bincike Hanya A Duniyar Mas

Cikin watan Yuni na 1976 wani kumbo na Amurka mai suna Viking 1 ya isa duniyar Mas, watau tauraron nan ja wanda a littattafan Larabci ake kira Mirrihu, ya shiga kewaya ta. Yana goye da wani ƙaramin kumbo mai ƙafa uku, wanda aka yi niyyar saukarwa ran 4 ga Yuli, ranar da Amurka ke cika shekara 200 da samun mulkin kai. An riga an zaɓi masauki tun kafin a tashi daga nan duniya, bisa ga hotunan da kumbon Mariner 9 ya ɗauko cikin 1971 da 1972. Ana cikin shiri sai babban kumbon ya aiko da sababbin hotunan wurin. Da masana suka duba hankalinsu ya tashi, gama filin da aka zaci shimfiɗaɗɗe ne, ashe cike yake da kwazazzabai da tuddai, alamar wani gagarumin ruwa ya taɓa bi ta nan. Suka bar zancen biki, suka shiga neman wani wuri, ba a sauka ba sai ran 20 ga Yuli. An kuwa sauka lafiya. Amma da ƙaramin kumbon ya fara ɗaukar hoton abin da ke kewaye da shi, sai ga wani dutse mai tsawon kamar ƙafa shida, bai fi taku goma sha biyu daga gare shi ba. Da a kansa ya dira, da shi ke nan. Hotunan sama na wancan zamani ba su da kaifin da za su nuna dutse irin wannan.

Mun kawo wannan labari domin masu karatu su ga tun da fari abin da ake gudu. Jama'a sun saba jin labarin motocin nan marasa direba da ake aikawa su yi yawo a kan Mas suna binciken duwatsu, amma ba safai akan tuna da kumbunan da ke shawagi a bisansu ba. Mu kuwa a ganinmu rabin aikin nasu ne.

Ga dalili. Motar da ke can gajeren gani gare ta. Idon Curiosity, wadda ta sauka cikin Agusta 2012, yana bisa wani dogon wuya da bai wuce ƙafa bakwai ba, saboda haka ko ɗan tudu ya isa ya kare mata abin da ke gaba. Masu tuƙa ta kuma suna zaune a Kalifoniya, ga shi saƙon rediyo yakan ɗauki tsakanin minti 3 da minti 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. In mota ta nufi rami, kafin a gani a ce mata ta tsaya, ta riga ta faɗa. Don haka akan tsara mata aikin yini guda a aika gaba ɗaya, sa'an nan a jira labari. Tafiyarta ma ta hawainiya ce, ba ta wuce kamar yadi 150 cikin sa'a. Wadda ke tafiya haka, in ta bi hanyar da ba ta ɓullewa, hasarar watanni ke nan. Fataken dā masu bin hanyar Gwanja sun san wannan, shi ya sa madugu ba ya tashi da ayari sai da jagaba wanda ya san inda rafi yake da inda za a yi zango. A Mas babu mahalukin da ya taɓa taka hanyar, sai a ɗora jagaban a sama.

Babban jagaban shi ne kumbon da ake kira Mars Reconnaissance Orbiter, wanda aka harba cikin Agusta 2005, ya isa cikin Maris 2006. Yana kewaya Mas daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, kowane zagaye bai cika sa'a biyu ba, a tsayin kamar mil 180. Yana ɗauke da wata kyamara mai suna HiRISE, wadda malaman Jami'ar Arizona ke lura da ita, faɗin madubinta ya kusa inci 20. Kowane ɗigo guda na hotonta yana daidai da kamar ƙafa ɗaya a ƙasa, watau abin da ya kai girman teburin akawu ana iya shaida shi, daga nisan da ya fi na Kano zuwa Kaduna. Sai dai kaifin ganin nan yana da tsada. Faɗin abin da take ɗauka a wucewa guda bai kai mil huɗu ba, har ya zamana bayan shekaru masu yawa ɗan kaɗan ne daga cikin ɗari na fuskar Mas ta ɗauka. Saboda haka aka haɗa ta da wata kyamara mai faɗin gani, wadda ɗigonta kamar ƙafa 20 ne, ita ce ta game kusan dukan duniyar. Da mai faɗin akan nemi wuri, da mai kaifin a tantance shi.

Akwai dabaru biyu a nan da muke so malaman makaranta su lura da su, domin a kwalejin horon malamai mun sha ganin ɗalibi ya haddace sunayen koguna tsaf, amma in an shimfiɗa masa taswira ya kasa faɗin inda tudu yake. Ta fari ita ce inuwa. An daidaita tafiyar kumbon yadda kullum wajen ƙarfe uku na yamma yake wucewa bisa wurin da yake ɗauka, lokacin da rana ta karkata, kowane dutse ya ja inuwarsa. Daga inuwar ake gane girman dutsen, har a ƙidaya duwatsun fili guda. Ta biyu ita ce ɗaukar wuri ɗaya sau biyu, kumbon yana karkata ta nan, wani zagayen ya karkata ta can. In aka gwama hotunan biyu sai tudu da kwari su fito, kamar yadda idanunmu biyu ke nuna mana nisa. Mai shakka ya rufe ido ɗaya ya gwada zura zare a kafar allura. Da haka ake zana taswirar gangare, a san inda mota za ta iya hawa da inda za ta zame.

Amfanin wannan bai daɗe ba ya bayyana. Wurin da aka fi so a saukar da kumbon Phoenix, can kusa da ƙanƙarar arewa, da HiRISE ta duba shi sai aka iske shi birjik da manyan duwatsu, aka sauya. Ran 25 ga Mayu 2008 kuwa, sa'ad da Phoenix ke gangarowa rataye da laimarsa, kyamarar ta ɗauke shi yana cikin iska, abin da ba a taɓa yi ba a wata duniya. Ta sake yin haka ga Curiosity, da kuma Perseverance ran 18 ga Fabrairu 2021.

Saukar Perseverance ita ce ta fi ba mu sha'awa. An kai ta wani ƙaton kwari mai suna Jezero, faɗinsa mil 28, domin hotunan sama sun nuna alamar tsohon kogi da ya zuba cikin tafki ya tara laka a bakinsa, wata na'ura ta kumbon mai rarrabe launin haske kuma ta nuna akwai yumɓu a wurin. Yumɓu ba ya samuwa sai da ruwa, yana kuwa iya adana alamar abu mai rai in ya taɓa kasancewa. Amma wurin cike yake da gaɓa da duwatsu da tarin rairayi, a dā ana ganin ya yi haɗari ƙwarai. Sai aka harhaɗa taswira daga hotunan kyamarorin nan biyu, aka yi wa kowane mugun wuri alama, aka zuba ta cikin kwamfutar kumbon. Yana gangarowa yana ɗaukar hoton ƙasa yana gwadawa da taswirar, cikin 'yan daƙiƙu ya gane inda yake, ya zaɓi fili mai lafiya ya karkata can. Tsakanin wannan da dutsen da ya kusa halaka Viking 1 shekara 45 ke nan.

Bayan sauka sai batun hanya. Motar Opportunity, wadda ta sauka cikin Janairu 2004, ta taɓa kafewa cikin tudun rairayi a 2005, aka yi mako biyar ana fama kafin ta fita. Da aka yi shawara a 2008 a kai ta kwarin Endeavour, inda aka hango alamar yumɓu daga sama, sai aka ga miƙaƙƙiyar hanya ta ratsa ta cikin irin wannan rairayi. Masu tuƙi suka zauna da hotunan HiRISE suka zana hanya mai kewaye, ta fara yin kudu tukuna kafin ta juya gabas. Tafiyar ta zama kamar mil 13, ta ci kusan shekara uku, aka isa cikin Agusta 2011.

To, amma kada mu zarce wajen yabo, domin hoto yana nuna fuskar ƙasa kurum, ba ya faɗin taurinta. Cikin 2009 'yar'uwar Opportunity, mai suna Spirit, ta taka wani wuri wanda ko daga kusa ana ganinsa kamar tsandauri, ashe ɓawo ne bisa lallausar ƙasa. Ƙafafunta suka nutse. Da ma ɗaya daga cikin shidan ta daina juyawa tun 2006. Aka yi watanni ana ƙoƙari ba ta fita ba, hunturu ya same ta a nan, tun Maris 2010 ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Curiosity kuma cikin 2013 aka ga ƙafafunta na alminiyam suna hujewa, saboda wasu duwatsu masu tsini da ke kafe cikin ƙasa mai tauri, waɗanda sun yi ƙanƙanta a gan su daga sama. Abin da masana suka yi ya cancanci a lura da shi. Suka ɗauki wuraren da motar ta riga ta taka, waɗanda aka san halinsu, suka duba yadda kowanne ke bayyana a hoton sama, sa'an nan suka nemi masu kama da su a gaba, suka raba taswirar kashi kashi. Watau motar ce ta koya wa masu duba hoto karatu. Da wannan aka sauya mata hanya ta bi kwaruruka masu ɗan yashi farkon 2014. Duk da haka cikin Agusta na shekarar ta shiga wani kwari yashin ya yi yawa, ƙafafunta suka riƙa zamewa, tilas aka komo da ita da baya.

Kumbunan saman nan su ne kuma gidan waya. Yawancin hotunan da motocin ke ɗauka ba kai tsaye suke zuwa ba, sai kumbo ya zo wucewa a miƙa masa cikin 'yan mintoci, shi kuma ya aiko duniya. Su ne kuma masu cigiya. Kumbon Ingila mai suna Beagle 2 ya ɓace ranar Kirsimati ta 2003, aka yi shekara goma sha ɗaya ana zaton tarwatsewa ya yi. Cikin Janairu 2015 aka ba da sanarwa an gan shi a hotunan HiRISE: ya sauka lafiya, sai dai faifan da ke tara masa hasken rana ba su gama buɗewa ba, suka danne eriyarsa.

Opportunity an yi ta ne domin aikin kwana 90, ta yi fiye da shekara goma sha huɗu, ta ci mil 28. Cikin Yuni 2018 wata gagarumar ƙura ta turnuƙe Mas kusan gaba ɗaya, ta rufe rana, motar kuwa da hasken rana take aiki, sai ta yi shiru ran 10 ga wata. Da ƙura ta fara lafawa cikin Satumba, HiRISE ta wuce bisa bakin Endeavour ta ɗauki hoton gangaren. Ga ta nan, ɗan ɗigo mai haske, daidai inda aka bar ta. Aka yi ta aika mata kira, fiye da sau dubu, ba ta amsa ba, har ran 13 ga Fabrairu 2019 aka rufe littafin aikinta.