Yadda Kwamfuta Ke Mayar Da Ɗigo Siffa

Na'urar leza ba ta san bango ko ginshiƙi ba. Haske take harbawa, ta jira ya dawo, ta lissafa nisan inda ya sauka. Kowane harbi yana barin ɗigo ɗaya mai lambobi uku da ke nuna matsayinsa.

Da irin wannan na'ura Andrew Tallon, malamin tarihin gine-gine a Kwalejin Vassar ta Amurka, ya auna majami'ar Notre-Dame da ke Faris, ya tara ɗigo sama da biliyan ɗaya. Ya rasu a Nuwamba 2018. Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin ginin da dogon tsininsa, awon Tallon ya zama shaida mai daraja kan yadda wurin yake a da.

Amma tara ɗigo rabin aiki ne. Na'urar tana gani ta gefe ɗaya, don haka sai an yi ta matsar da ita, sannan a daidaita awo kan awo har su hau juna. Paul Besl da Neil McKay sun fitar da sanannen tsarin yin haka a 1992. Daga nan kwamfuta za ta duba maƙwabtan kowane ɗigo ta gane ina ne waje, ina ne ciki, ta haɗa su uku-uku su zama ƙananan alwatika, kamar yadda masunci ke saƙa koma ƙulli bayan ƙulli. Tsarin Poisson, wanda Michael Kazhdan da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, ya karɓu saboda yana jure ɗigon da ya kauce, yana kuma ba da siffa rufaffiya.

Nan ne haɗarin yake. Lokacin da tawagar Marc Levoy ta Jami'ar Stanford ta auna mutum-mutumin Dauda na Michelangelo a Fulorans a 1999, an sami lungunan da haske bai shiga ba, kamar cikin nannaɗen gashi. Kwamfuta tana iya cike irin wannan gurbi sumul, har ido ya kasa rarrabewa, alhali ƙiyasi ne.

Ga wasan kwamfuta, babu laifi. Amma ga mai gyaran ginin tarihi ko mai ƙera ƙafar roba, wajibi ne a ware abin da aka auna da abin da aka cike, kuma a adana ainihin ɗigon, kada a goge shi bayan an sami siffa.