Tuƙi Biyu: Na Tuwo da Na Cikin Taɓo

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon gidan yawa ta san gaɓar da muciya ke ƙin motsi. An yi talge, an zuba gari, tuwo ya yi kauri, sai muciya ta tsaya ƙyam a tsakiyar tukunya kamar dasa ta aka yi. Ina yaro na sha zama a bakin murhu ina kallon Inna a daidai wannan lokacin. Ba ta fizgar muciyar sama, don in ta yi haka tukunyar ce za ta biyo ta. Takan dafe tukunya da tsumma, ta karkata muciyar nan gefe, ta mayar da ita ɗaya gefen, har wata 'yar kafa ta buɗe, tururi ya fita ta nan, sannan tuwon ya sake ta.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar da na fara ganin bidiyon wani Ba'amurke da babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya kafe a cikin taɓo. Yana zaune a kai, injin yana kuka, tayoyi huɗu suna watsa laka sama har tana zubo masa a ka, babur kuwa sai ƙara nutsewa yake yi. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran aikin direba da aikin mai tuwo: tuƙi. Bawan Allahn nan a zatonsa babur yake tuƙawa. Ni kuwa abin da na gani, tuwo yake tuƙawa da muciya huɗu.

Wannan babur ba sabon abu ba ne. Kamfanin Honda ya fito da nasa a Amurka a 1970, yana da ƙafa uku da tayoyi buhu-buhu kamar balan-balan. Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu a 1982, Honda kuma ya biyo da wanda duk ƙafafun huɗu ke ja a 1986. Mai ƙafa ukun yawan kifewa ya yi, har aka daina sayar da sababbinsa a Amurka a 1988. Makiyayan tumaki na Ostireliya da Niyuzilan da shi suke zagaya dabbobinsu, mafarautan Kanada da shi suke shiga daji. A kudancin Amurka kuma laka ita kanta ta zama wasa: kamfanin High Lifter na jihar Luwiziyana ya yi shekaru yana tara dubban mutane a Jacksonville ta jihar Tekzas, ba don komai ba sai don su afka cikin ramukan taɓo a ga wanda zai fita ta ɗaya gefen.

Asirinsa yana cikin tayarsa. Mai faci yakan ba tayar ƙaramar mota iska 30 zuwa 35 a gejinsa. Tayar wannan babur ba ta wuce 4 zuwa 7. Saboda haka takan baje a ƙasa kamar tafin raƙumi a kan rairayi, nauyi ya rarrabu, ta bi ta inda mota ba ta isa ta bi ba. Sai dai wannan baiwar ita ke yaudarar mai shi. Ya wuce caɓi na farko lafiya, ya wuce na biyu, sai zuciya ta raya masa cewa babu lakar da za ta riƙe shi. Jaki ya fi shi taka-tsantsan a nan. In ya zo bakin wuri mai laushi yakan toge, ya sunkuyar da kai yana shinshina, ko an tsula masa bulala sai ya yi tunani. Inji ba ya togewa. Inda aka nuna masa nan yake shiga. Shi ya sa tsofaffin mahaya kan sauka su sami sanda su soka a ramin su ji zurfinsa, kamar yadda mai ƙetare rafi da damina yake yi kafin ya tattare wando.

Totur ɗin wannan babur ba murɗa shi ake yi kamar na ɗan acaɓa ba. Wani ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsan hannun dama. To, duk maganar kafewa a kan wannan yatsan take. Da zarar mutum ya ji babur ya rage gudu, bayansa ya fara zama, tsoro kan sa yatsan ya danna da ƙarfi. Abu biyu ne ke faruwa nan take. Na farko, laka takan cike tsagogin taya har ta koma sumul kamar malmala, ba haƙori ko ɗaya da zai ciji ƙasa. Na biyu, kuma shi ya fi muni, juyawar taya tana kwaɓa lakar.

Magina sun san wannan tun kaka da kakanni. In za a yi tubali ko yaɓe, a kan tara jar ƙasa, a zuba ruwa, samari su shiga da ƙafa suna tattakawa. Ƙasar da ɗazu kake iya tsayawa a kanta, bayan an yi ta kirɓa ta sai ta saki jiki, ta yi laushi, ta yi danƙo, ƙafa ta riƙa shigewa har ƙwauri. Yumɓu haka halinsa yake: muddin ba a dame shi ba yana da sauran ƙarfin ɗaukar kaya, in aka dama shi ƙarfin ya tafi. Abin da samari biyar za su yi rabin yini suna yi, taya huɗu cikin daƙiƙa ashirin suke gama shi. Kowace taya ta haƙa wa kanta rami, ta cika shi da talge, har cikin babur ya sauka ya zauna daram a kan tudun da ya rage a tsakiya. Tsakanin cikinsa da ƙasa dama bai fi santimita 25 zuwa 30 ba. Daga nan tayoyi ba su ɗauke da komai, lilo kawai suke yi, kamar yaron da aka ɗora a kan turmi ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Ko man tanki duka za a ƙone, ba inda za a je.

Sai kuma riƙon da laka ke yi, wanda duk ɗan ƙauye ya sani a ƙafarsa. Wa bai taɓa barin silifas a cikin taɓo ba a hanyar gona? Ka ɗaga ƙafa da ƙarfi, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna, ko maɗaurinsa ya tsinke. Ba nauyin takalmin ne ya hana shi fitowa ba. Laka ce ta manne masa ta ko'ina, ba ta bar wa iska hanyar shiga ƙarƙashinsa ba. In ka karkata diddige a hankali, ka ji wannan ƙarar ta tsotsa, to iska ta shiga, takalmi ya fito salin-alin. Yanzu ka kwatanta tafin silifas da faffaɗan farantin da ke ƙarƙashin babur. Babur ɗin aiki nauyinsa wajen kilo 300 ne, buhun masara uku ke nan. Amma na'urar naɗe igiya da ake ɗaura masa a goshi galibi mai jan kilo 1,100 zuwa 1,600 ce. Wannan ratar da ke tsakani, kason laka ne.

Saboda haka mahayin da ya san abin da yake yi, farkon aikinsa shi ne ya ɗauke yatsa daga totur ya sauka. Mai jaki ma in dabbarsa ta kafe a fadama, mangala yake fara saukewa kafin ya kama wutsiya. Mutum da kayansa sun kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin babur. Saukarsa kaɗai takan isa a wani lokaci. Sai ya tsaya a gefe, ya kama kan babur, ya jijjiga shi hagu da dama, irin karkata muciyar Inna, don iska ta sami kafa. In akwai ruwa kusa, zuba shi a gefen tayoyi yana sassauta riƙon, kamar yadda ake tsoma mara a ruwa kafin a kwashe tuwo don kada ya manne. Sai shebur: a kwashe tudun da ciki ya zauna a kai, a share gaban kowace taya. A cusa rassa da kara da ciyawa a ƙarƙashinsu, dabarar da magini ke yi in ya zuba ciyawa a kwaɓi don ya yi ƙwari. Sannan a sa ƙaramar giya, a taɓa totur kaɗan-kaɗan ana tafiya a gefensa. Sau da yawa ribas ya fi, domin hanyar da ka shigo ka san tana da ƙasa, ta gaba kuwa Allah kaɗai ya san zurfinta.

In duk wannan bai yi ba, sai igiya. Akan naɗa faffaɗan ɗamara a gindin bishiya don kada waya ta yanke ɓawonta, a maƙala ƙugiya. In babu bishiya, a haƙa rami a binne gungume a kwance, a ɗaura a jikinsa. In jan ya yi wa na'urar yawa, akan zagaya igiyar ta cikin wata 'yar taya mai kwari a jikin bishiyar, a dawo da bakinta a maƙala a babur. Igiya biyu ke nan suka raba kayan, kamar mata biyu da suka kama tukunyar biki kowa da kunne ɗaya. Tafiyar takan ragu da rabi, ƙarfin ya ninka. Abin da nake so kowa ya riƙe a nan shi ne haɗarin wayar ƙarfe. In ta tsinke tana cikin ɗauri, dawowa take yi kamar bulala, tana iya fasa fuska ko ta karya ƙafa. Shi ya sa ake yafa mata riga mai nauyi ko bargo a tsakiya, kowa kuma ya ja baya. Ina jin zafin ganin yadda 'yan kallo kan matso da wayoyin hannunsu daidai inda igiyar za ta biyo.

Na lura kuma cewa masu wannan harka ba sa son fita su kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya kafe da rana a cikin abokai, abin dariya ne da gumi na rabin sa'a, irin gayyar da ake yi in motar kasuwa ta kafe kowa ya sauko ya sa kafaɗa. Wanda ya kafe shi kaɗai da yamma a dajin arewacin Kanada, inda gansakuka ke shimfiɗe a kan ruwa kamar tabarma, ga sanyi ga rashin sabis, wannan maganar rai ce.

Mu ma muna da lakar da ta isa a ji tsoronta. Baƙar ƙasar firki ta wajen Dikwa da Marte da Gamborun Ngala, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, da rani takan tsage har hannu ya shiga, da damina kuma ta kumbura ta zama danƙo. Direbobin wannan yanki ba su buƙatar a yi musu bayanin kwaɓi. Bambancin kawai, su neman abinci ne ya kai su, ba nishaɗi ba. Kuma a nan ne nake da ja da masu wasan laka. In a filin da aka ware don haka ne, ba ruwan kowa. Amma wanda ya bar hanya ya afka fadamar jama'a ko bakin rafi, ramukan da tayoyinsa suka haƙa sukan shekara da shekaru ba su cike ba, ruwa ya bi su ya zaizaye ƙasa. Wanda ya zo bayansa ya kauce wa ramin ya buɗe sabo a gefe, a hankali 'yar siririyar hanya ta zama fili guda na caɓi. Manomin da shanu suka taɓa ratsa masa gonar shinkafa da danshi ya san irin wannan ɓarnar.

Fitowa daga rami ba ita ce ƙarshen aiki ba. In ruwa ya kai hancin injin har ya mutu a ciki, kada a sake tayar da shi, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, zai lanƙwasa ƙarfen cikin injin. Sai an cire fulogi an fitar da ruwan. A duba baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, a juye shi. Galibin waɗannan babura da bel suke tafiya, in ruwa ya shiga gidansa sai ya riƙa sulɓi, don haka akwai ɗan murfi a ƙasa da ake buɗewa ya tsiyaye. Sauran kuma wanki ne, kuma a ranar. Inna ba ta taɓa barin tukunyar tuwo ta kwana a bushe ba. Tana gama kwashewa take zuba mata ruwa, don ta san in ƙanzo ya kama sai an sha kankara. Lakar da ta kwana a lagireto takan toshe shi injin ya riƙa zafi, wadda ta kwana a birki ta cinye shi kamar an goga masa yashi. Mahayin kirki yakan dawo gida jikinsa duk taɓo, ya ja tiyo ya fara da babur tukuna, tun lakar tana da danshi.