Asibitin Dabbobi Na Gaggawa: Wa Ke Duba Aikinsa?

Jama'a masu kiwo, ciwon dabba ba ya zaɓen lokaci. Saniya takan kasa haihuwa da tsakad dare, ko rago ya ci danyen haki cikinsa ya kumbura har numfashi ya gagare shi. A irin wannan hali mutum ba ya tsayawa bincike, duk wanda ya zo da sirinji sai a ce masa likita. To, a nan hasara take shigowa.

Ya kamata kowa ya sani, a Nijeriya akwai Majalisar Likitocin Dabbobi, wadda dokar 1969 ta ɗora wa aikin rajistar likitoci da horon wanda ya saɓa ƙa'ida. Wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da ikon kiran kansa likitan dabbobi, kome daɗewarsa cikin shanu. Amma majalisa ba ta da ido a kowane ƙauye da kowace kara, saboda haka rabin tsaron yana hannun mai dabba.

Kadan ka shiga irin wannan asibiti, nemi ganin takardar rajista, ba rashin kunya ba ne. Sa'an nan dubi magani. Kowane kwalba ya kamata a ga lambar NAFDAC a jikinsa da ranar da zai lalace. Allurar rigakafi kuwa, irin wadda ake yi a Vom tun bayan kafa wurin a 1924, sanyi take so. Wadda ta yini a rana kan tebur a kasuwa ta zama ruwa kawai, ko da kuwa hatiminta bai ɓalle ba. Lalle kuma likita ya faɗa maka kwana nawa za a yi bayan allura kafin a sha nonon ko a ci naman, gama saurin magani yakan bi su zuwa cikin mutum.

Wani abu ya fi waɗannan nauyi. In dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, ko wa ya ce a yi. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, wanda ya ɓulla a Suleja a 2023, yana kuwa kama mutane. A killace gawar, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan. Can kuma za a kai ƙarar asibitin da ya yi sakaci, tare da rasit da kwalaben da aka yi amfani da su.