Teburin Mai Shayi Bayan Isha'i: Ina Iyakar Halas?

Da zarar an idar da sallar Isha'i, daga Tudun Wada ta Gusau zuwa tashoshin Tsafe da Bunguɗu, har ƙauyuka irin su Wonaka, fitilar da ta fi daɗewa a kunne ita ce ta mai shayi da mai tsire. A nan direba da ɗan kabu-kabu da gwauro ke samun shayi da burodi ko indomi da ƙwai bayan murhun gida ya mutu. Sana'a ce ta halas, kuma tana rufa asirin gidaje da yawa.

A wasu ƙasashe irin wannan wuri haɗe yake da mashaya. Mu Allah Ya tsare mu: da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, an hana sayar da giya a Zamfara. Sai dai rufe mashaya bai rufe ƙofar maye ba. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka afka masa, kuma duhun bayan benci kan zama mafakar masu shan ƙwaya.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Malamai sun keɓe hirar ilimi da ta iyali da ta baƙo. A hadisin Abu Sa'id kuwa, an shar'anta wa mai zama bakin hanya runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da alheri da hani da mummuna. Mu auna zamanmu da wannan ma'auni.

Sakamakon muna ganin sa a sahun Asuba: benci cike da ƙarfe ɗayan dare, masallaci kuwa sai dattawa. Magidanci ya ci tsire a waje, iyalinsa sun kwana da ɗumame. Wani ya tara bashi a littafin mai shayi, ya sauya teburi.

Don haka mu ci, mu biya, mu tashi. Wanda ya sayi tsire ya kai gida a ci tare. Mai shayi ya hana gulma da maye a teburinsa, domin shi ma abin tambaya ne gobe Ƙiyama. Allah Ya ciyar da mu halas, Ya tashe mu Asuba cikin jam'i.