Digiri na biyu a ilimin yara masu buƙata ta musamman: abin da malaman Tamale ya kamata su sani

A unguwar Vittin da ke Tamale, kamar sauran unguwannin birnin, da wuya a samu aji a makarantar firamare da babu yaron da aka yanke wa hukuncin "ba ya ganewa". Wani yana zaune a baya, ba ya amsa kira sai an ɗaga murya. Wata tana matse idanu idan tana kallon allo. Malamin da ya shekara goma yana koyarwa ya san waɗannan yara sarai, amma sau da yawa ba ya iya tantance ko matsalar ta kunne ce, ko ta ido, ko ta karatu. Wannan giɓi ne digiri na biyu a fannin ilimin masu buƙata ta musamman ke cikewa.

Me ya sa ake buƙatarsa yanzu?

A da, yaron da ke da lalura makaranta ta daban ake kai shi, idan ma an kai shi. Makarantar makafi ta Akropong ta fara tun a shekarun 1940, sannan a 1957 Andrew Foster, wani kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame ta farko a Accra. A arewa akwai makarantar kurame ta Savelugu, da makarantar Yumba a Tamale mai kula da yara masu raunin fahimta, da makarantun kurame da makafi a Wa.

Waɗannan makarantu ba za su iya ɗaukar kowa ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na 'yan Ghana masu shekara biyar zuwa sama suna da wata lalura. Dokar masu nakasa ta 2006 ta hana makaranta ƙin karɓar yaro saboda nakasarsa kawai, kuma manufar ilimin haɗaka ta 2015 ta ɗora wa makarantun unguwa nauyin koyar da shi tare da sauran yara. Manufa dai ta tsara, amma malamin aji ne zai aiwatar, kuma yawancin tsofaffin malamai sun gama kwaleji kafin a mayar da kwalejojin horar da malamai masu bayar da digiri na shekara huɗu a 2018.

Ina ake karatun?

Jami'ar Ilimi ta Winneba ce aka fi sani da wannan fanni, domin tana da sashe sukutum na ilimin masu buƙata ta musamman, wanda ke horar da malaman kurame da makafi da masu raunin fahimta. Jami'ar Cape Coast ma tana bayar da digiri na biyu a fannin. A Kumasi kuwa, jami'ar KNUST tana da karatu kan nakasa da gyaran rayuwar nakasassu, wanda ya fi karkata ga lafiya da zamantakewa fiye da aikin aji.

Digirin, wanda a Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci ake kira Master, iri biyu ne a Ghana. Akwai M.Ed, wanda darussa suka fi yawa a cikinsa, kuma ana iya yinsa a lokacin hutun makarantu ba tare da barin aiki ba. Akwai kuma MPhil, mai ɗaukar shekara biyu ko fiye, wanda ke buƙatar cikakken kundin bincike. Mai son ci gaba da aiki a aji ko a ofishin ilimi na gunduma, M.Ed ya ishe shi. Mai burin koyarwa a kwaleji kamar ta Bagabaga, ko zarcewa digiri na uku, MPhil ya kamata ya nema. Kuskure a wannan zaɓi yana cinye kuɗi da shekaru.

Me malami zai koyo?

Jigon karatun shi ne tantancewa. Malami zai koyi yadda zai lura da yaro bisa tsari, ya rubuta abin da ya gani, ya san lokacin da ya kamata a tura shi gwajin ji ko na gani. Zai koyi tsara wa kowane yaro manufar karatu tasa: abin da ya iya yau, abin da ake so ya iya a ƙarshen zango, da matakan kaiwa can. Gwargwadon ɓangaren da ya zaɓa, zai ƙware a rubutun makafi na Braille ko a maganar hannu ta Ghana.

A nan ne gogewa ke da rana. Sabon ɗalibi haddace alamomin raunin ji zai yi. Tsohon malami kuwa fuskokin yaran da suka wuce ta hannunsa zai tuna. Ya kuma san abin da littafi ba ya koyarwa: yadda ake zama da uba a gaya masa ɗansa ba taurin kai gare shi ba, kunnensa ne ke da matsala.

Batun harshe

A Tamale wannan batu ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, yana jin Dagbanci a filin wasa, ana koyar da shi da Ingilishi, zai iya yin shiru a aji ba don wata lalura ba. Malamin da bai san harshen yaro ba yana iya ɗaukarsa mai raunin fahimta, ko kuma ya danganta lalura ta gaske ga rashin jin Turanci har lokaci ya ƙure. Saboda haka al'ummomin zango suna buƙatar ƙwararru daga cikinsu.

Haka abin yake ga kurame. Maganar hannu ta Ghana ta samo asali ne daga ta Amurka, alhali kuramen Kano suna da tasu maganar hannun ta Hausa. Wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero ko ta Jos, waɗanda su ma suke da wannan fanni, sai ya sake koyon ta Ghana kafin ya shiga aji a Savelugu.

Kafin a cike fom

Winneba tana bakin teku, tafiyar yini guda ce daga Tamale, don haka bayan kuɗin makaranta akwai na mota da masauki. Hukumar Ilimi ta Ghana tana ba da hutun karatu da albashi, amma guraben ƙayyadaddu ne, kuma wanda ya samu sai ya dawo ya yi mata aiki na wasu shekaru. Ya kamata malami ya tambayi ofishin ilimi na yankinsa ko fannin yana cikin waɗanda aka amince da su a shekarar, ya kuma tabbatar hukumar kula da manyan makarantu ta GTEC ta tantance kwas ɗin.

Mai shirin yin MPhil kuma ba sai ya je nesa neman abin bincike ba. Rajistar ajinsa a Vittin, da sunayen yaran da suka daina zuwa ba a san dalili ba, ta ishe shi farawa.