Kuɗin Sanyi Daga Rufin Ɗaki Yake Farawa

Ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumi, ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A wannan rana ce kuma hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, kafin daga baya ya zauna a kan naira 209.50. Zafi ya hau, kuɗin maganinsa ma ya hau. Duk magidancin da ke Gafasa ko wani gari a ƙasar Ajingi da Gaya a jihar Kano, wanda ya kwana yana juyi a kan tabarma cikin watan Afrilu, ba laifi ba ne idan zuciyarsa ta raya masa sayen iyakwandishan. Sai dai kuɗin da mai shago zai faɗa masa a Kano shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Babban kuɗin yana wajen wuta, kuma yawan wutar da na'urar za ta sha, ginin ɗakin ne ke yanke shi tun kafin a ɗaura ta a bango.

A yi lissafin a fili. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, irin wanda aka fi sa wa a ɗakin kwana, yana jan wajen wat 1,200 idan injinsa na aiki. A kunna shi awa takwas cikin dare, ya sha kusan yunit goma, wato wajen naira 2,000 a farashin rukunin A, naira 60,000 ke nan a wata. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024. Fankar silin mai wat 70, a waɗannan awoyi takwas, da kyar ta wuce rabin yunit. Kuma wannan lissafin masu sa'a ne, domin rukunin A, da aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana, galibi unguwannin birni ne da wuraren masana'antu. A karkara, inda layin kamfanin wuta na KEDCO ya kai ma, wutar kan zo ta tafi, wani lokaci ta zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, injin iyakwandishan ya yi ta gurnani ya kasa tashi har ya ƙone. Sai a koma janareto, kuma ƙaramin nan na cajin waya ba ya ɗaukar wannan nauyi. Wanda zai ɗauka yana shan kusan lita ɗaya a awa. Kafin cire tallafi a watan Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A farashin ƙarshen 2024, barcin dare ɗaya ya koma naira 8,000, ban da man juye, wankin na'ura bayan ƙurar hunturu, da ƙarin gas idan bututu ya yi yoyo.

Yanzu a dubi ɗakin da ake son sanyayawa. Ginin da ya mamaye ƙauyukanmu a shekarun nan shi ne bulon siminti da rufin kwano, sau da yawa ba silin. Bulo rami ne a cikinsa, bangonsa siriri, zafin rana na ratsa shi da wuri. Kwano kuwa da azahar ba ya taɓuwa da hannu, kuma duk zafin da ya ɗauka ƙasa yake sako shi a kan mai ɗaki. Sa iyakwandishan a irin wannan ɗaki ɗibar ruwa ne da kwando: injin ba zai huta ba, tunda zafi na shigowa daidai gwargwadon yadda ake fitar da shi. A ɗakin da ke da silin, da bango mai kauri, da inuwar darbejiya ta yamma, na'ura iri ɗaya za ta kai sanyin da ake so ta tsaya, ta jima kafin ta sake tashi, kuma a wannan hutun ne mita ke daina gudu. Maginan da suka gina Gidan Makama a Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya sun san wannan tun babu lantarki. Tubali da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, bango mai kaurin kamu biyu ko fiye, rufin soro a kan azarar giginya, 'yan tagogi ƙanana can sama: duk dabarar jinkirta zafi ce, ya yi ta tafiya a cikin bango har rana ta faɗi bai iso ciki ba.

Za a ce, ai ginin ƙasa ba ya jure damina, kuma ba don ƙyuya mutane suka bar shi ba. Gaskiya ne. Soro na son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci, kuma duk wanda ya ga katanga ta zube cikin ruwan Agusta ba zai zargi mai sayen kwano ba. Har ila yau soron da ya ba da sanyi da rana yakan saki zafinsa da dare a tsakiyar bazara, shi ya sa aka saba kwana a tsakar gida. Amma zaɓin bai tsaya tsakanin soron kakanni da kwano tsirara ba. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa yadda iska ke ratsawa tsakaninsu, kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi. Ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tahoua ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, aka kammala a 2018. Mai ɗakin bulo ma bai makara ba: silin, fentin kwano da fari, taga biyu masu fuskantar juna, da rumfa a bangon yamma, kuɗinsu sau ɗaya ake biya.

Za a kuma ce sola ta warware matsalar. Ta warware ta fanka da fitila da firiji. Iyakwandishan kuwa da dare aka fi bukatarsa, lokacin da babu rana, don haka sai batir mai ɗaukar yunit takwas ko goma, wanda shi da allunan da injin juya wuta maganar miliyoyin naira ce. Na'urar sanyaya ɗaki mai inbata ta zamani tana rage shan wuta sosai, amma ita ma a ɗakin da ke riƙe sanyi take nuna amfaninta.

Akwai dabarar da ta dace da busasshen zafin Maris da Afrilu, wadda kowace randa ke nunawa: ruwa na tsatsafowa ta jikin tukunya, iska ta busar da shi, ciki ya yi sanyi. Da ita Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, maƙwabciyar Ajingi, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan gwari, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Fankar ruwa da ake sayarwa yanzu haka take aiki, kuma wutarta ba ta fi ta fanka biyu ko uku ba, ƙaramar sola ma ta ishe ta. Rauninta shi ne da zarar iskar damina ta fara kawo laima a ƙarshen Mayu, sanyinta ya ragu.

Inda iyakwandishan ba ado ba ne shi ne wajen tsoho mai hawan jini, mai jego, jariri da marar lafiya, waɗanda zafin digiri 40 ke iya kayarwa. Idan iyali za su haɗa ƙarfi su sayi ɗaya, ɗaki guda ƙarami mai silin da ƙofa mai rufuwa da kyau ya kamata a ware masa. Idan kuma ƙaramar hukuma ko masu hannu da shuni na Ajingi za su kashe kuɗi kan sanyi, ɗakin haihuwa da ɗakin ajiyar magani na asibitocin karkara ne suka fi cancanta, domin a can na'ura ɗaya da sola ɗaya za su yi wa mazaɓa guda aiki.